A-Kori-Kura Tana Tari: Yadda Ake Gano Ciwon Tsohon Inji

A watan Fabrairu, lokacin da tumatirin rani ya nuna a gonakin Kadawa, da wuya a ga motar ɗaukar kaya tana zaman banza a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Daga cikin masu wannan jigila har da tsofaffin a-kori-kura ƙirar Peugeot, wadda jama'a suka fi sani da Fijo, waɗanda wasunsu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. To, a misalta ɗaya daga cikinsu ta ɗauko kwanduna daga kasuwar Kwanar Gafan, ta tashi lafiya lau, amma kafin ta yi nisa sai inji ya fara kakkarwa. In an tsaya, sitiyari da libar giya suna rawa. In an taka totur, sai ta yi jim kafin ta ja, salansa kuma tana wani irin tari ba ƙaƙƙautawa. Kayan da ke baya kuwa ba masu jira ba ne, domin yini ɗaya a cikin rana ya isa ya mai da tumatir ruwa, ga shi kuma gumin manomi ne na wata uku.

Abin da yakan biyo baya sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a benci a gareji. Za a ce a wanke kafireto. In bai yi ba, a sake fulogi huɗu. In bai yi ba, a sayo kwayil. Daga ƙarshe, bayan aljihun mai mota ya yi sauƙi, sai a ce ai sai an sauke inji. Wani lokaci a dace a karo na farko, wani lokaci kuma a sake abubuwa biyar masu lafiya a bar mai ciwon yana nan zaune. Amma akwai kanikawa, kuma ba kaɗan ba ne, waɗanda ba sa taɓa sifana sai sun yi tambaya, sun saurara, sun gwada. Ko da ba su taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, tafarkin da suke bi shi ne wanda ake koya wa ɗalibin kimiyya a makarantar sakandare.

Inji ma numfashi yake yi

Kakkarwar inji alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama a jikin mutum. Cizon sauro yana kawo zazzaɓi, taifod yana kawo shi, ƙurji ma yana kawo shi, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Kafin a san abin da ya lalace, dole a san yadda mai lafiya yake aiki.

Wajen shekarar 1783, masanan Faransa biyu, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace, suka sa ɓeran Masar a cikin wani akwati da aka kewaye da ƙanƙara. Suka auna yawan ƙanƙarar da zafin jikinsa ya narkar, suka kwatanta da zafin da gawayi ke bayarwa in ya ƙone ya fitar da iskar kabon dayoksaid daidai da wadda ɓeran ya fitar. Sakamakon ya nuna musu cewa numfashi wani nau'in ƙonewa ne mai tafiya a hankali. Jikin dabba yana haɗa abinci da oksijin ya sami ƙarfi, inji kuma yana haɗa fetur da oksijin ya sami ƙarfi, dukansu biyu suna fitar da kabon dayoksaid da tururin ruwa da zafi. Bambancin shi ne, ƙwayar halitta tana yin nata daki-daki da taimakon sinadaran enzayim, inji kuwa yana yin nasa farat ɗaya da tartsatsin wuta.

Injin a-kori-kura, ko ta 404 ce ko ta 504, yana bin tsarin bugu huɗu wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kammala a 1876. Fistin ya yi ƙasa ya shaƙi iska gauraye da fetur. Ya yi sama ya matse su har su koma kimanin kashi ɗaya cikin takwas na girmansu. Fulogi ya ba da wuta, su ƙone, ƙarfin ya tura fistin ƙasa. Sa'an nan ya sake yin sama ya kori hayaƙi. Silinda huɗu ne ke wannan aiki bi da bi: ta 1, ta 3, ta 4, ta 2. In inji yana silo, wato yana juyi a tsaye kamar sau 900 a minti, ana samun fashewa 30 a kowace daƙiƙa. In silinda ɗaya ta yi shiru, fashewa ɗaya cikin kowace huɗu ta faɗi ke nan, kamar mata huɗu suna daka a turmi ɗaya wata ta riƙa tsallake nata bugun. Wannan giɓi shi ne kakkarwar da direba ke ji a sitiyari.

Saboda haka kowace silinda tana bukatar abu uku: cakuɗen iska da fetur daidai gwargwado, matsi, da wuta a kan lokaci. In dai kakkarwar daga ƙonewa take, to ɗaya daga cikin ukun nan ne ya gaza.

Tambaya kafin sifana

Ɗaliban ilimin halittu sun san mabuɗin nan na tantance halittu, wanda ke tafiya da tambayoyi masu amsa biyu. Ƙwaron yana da fukafukai ko ba shi da su? Ƙafafunsa shida ne ko takwas? Kowace amsa tana zubar da ɗimbin halittu, har a zo kan guda ɗaya. Jean-Baptiste Lamarck ya yi amfani da wannan dabara a littafinsa na tsirran Faransa na 1778, kuma ita ce gwanin makanike ke bi.

Tambayarsa ta farko ga direba ita ce: yaushe take yi? Da safe kafin ta yi zafi, ko bayan an yi tafiya? A silo, ko a hawa da kaya? Farat ɗaya ta fara, ko a hankali? A ina aka sha mai na ƙarshe? Me aka taɓa a injin kwanan nan? Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi, domin sau da yawa ciwon yau ɗan gyaran jiya ne.

Daga nan sai saurare. Ana zuwa bayan mota a kasa kunne ga salansa, a nan ne reshen farko na mabuɗin yake. In tarin yana zuwa a jere, daidai wa daida, to silinda ɗaya ce ta mutu, kuma laifin yana kan abin da ita kaɗai ke amfani da shi: fuloginta, wayarta, bawul ɗinta, ko zobban fistinta. In kuwa tarin ba shi da tsari, yanzu ya zo anjima ya ɓace, to a duba abin da dukansu suka yi tarayya a kai: mai, kafireto, kwayil, kwantak, distiributa. A nan ne kuskuren "a wanke kafireto" yake bayyana. Kafireto ɗaya ne ke ciyar da silinda huɗun. Da wuya ƙwarai ya zaɓi guda ya hana ta abinci ya ƙyale ukun, kamar yadda da wuya gubar da ke cikin tukunya ta kama mutum ɗaya cikin huɗun da suka ci a kwano guda.

A cire a gani, a mayar a gani

A 1849, a garin Gottingen na ƙasar Jamus, wani masani mai suna Arnold Berthold ya fiɗiye wasu ƙananan zakaru. Zankonsu bai girma ba, ba su yi cara irin ta zakaru ba, ba su yi faɗa ba. Waɗanda ya mayar wa maraina a cikin ciki kuwa sai suka girma kamar kowane zakara. Da wannan ne aka fara fahimtar aikin sinadaran da yanzu ake kira homon. Dabarar mai sauƙi ce: in ana son sanin aikin wata gaɓa, a cire ta a ga abin da ya sauya, a mayar a ga ko ya dawo.

Haka makanike zai yi wa motar tumatir. Inji yana silo, sai ya ɗauki filaya mai rufin roba ya zare wayar fulogi ɗaya, ya saurara, ya mayar, ya koma ta gaba. In ya zare ta silinda mai aiki, inji zai ƙara tangaɗi, har ya nemi mutuwa. In ya zare wata bai ji wani sauyi ba, to ya kama mai laifi, domin wadda ba a ji rashinta ba dama can ba ta aiki. Ana yin wannan da hattara. Batir yana da bolt 12 ne kawai, amma kwayil yana ɗaga shi zuwa fiye da bolt 10,000, kuma duk yaron gareji da ya taɓa kama wayar da jiƙaƙƙen hannu ba ya bukatar a sake gaya masa. Akwai kuma wani abu da yakan rikita baƙo: a injunan Fijo na wancan zamani, silinda ta 1 ita ce ta can baya kusa da kuloci, ta wajen lagireto kuwa ita ce ta 4.

A ɗauka silinda ta 3 ce ta yi shiru. Har yanzu ba a san ciwon ba, an dai san gidansa. Mataki na gaba shi ne musaya, kuma sharaɗinsa shi ne a sauya abu ɗaya tak a lokaci guda. A ɗauki fulogin ta 3 a kai ta 2, na ta 2 a kawo ta 3, a sake gwajin. In shirun ya koma ta 2, ciwon ya bi fulogi, an gama. In ya tsaya a ta 3, fulogi ya kuɓuta, sai a gwada waya ta wannan hanya. Wanda ya sake fulogi da waya da murfin distiributa a tashi ɗaya, ko da mota ta gyaru bai san wanne ne ya gyara ta ba, ya kuma biya kuɗin uku a kan ciwon ɗaya. Malamin da ke neman misalin da zai nuna wa ɗalibai dalilin da ya sa ake riƙe komai yadda yake a sauya abu ɗaya a gwaji, ga shi nan a bakin titi.

Shi kansa fulogin da aka kwance yana ba da labari, kamar yadda likita ke karanta harshe ko farin ido. Bakinsa in ya yi launin ƙasa-ƙasa a bushe, ƙonewa tana tafiya daidai. In ya yi baƙi da kunkunniya mai laushi, fetur ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. In ya yi baƙi da maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa, kuma sabon fulogi zai yi 'yan kwanaki ne shi ma ya koma haka. In ya yi fari fat kamar an ƙona, fetur ya yi kaɗan, inji yana zafi fiye da kima. In kuwa ya jiƙe da ɗanyen fetur, mai yana zuwa amma ba ya kamawa.

Akwai wani gwaji da ke yaudarar mutane da yawa. Akan kwance fulogi a jingina shi da jikin inji, a buga kii, a ga tartsatsi, a ce ai wuta lafiya. Wannan hujja ba ta cika ba. Tun a 1889 Friedrich Paschen ya nuna cewa ƙarfin lantarkin da ake bukata kafin tartsatsi ya tsallake wani giɓi yana da alaƙa da matsin iskar da ke cikin giɓin. A cikin silinda, inda aka matse iska ninki-ninki, tsallaken yana bukatar ƙarfi fiye da na sarari nesa ba kusa ba. Shi ya sa kwayil mai rauni, ko fulogin da bakinsa ya cinye ya buɗe, sukan yi aiki a silo amma su gaza a kan hawa da kaya, lokacin da aka taka totur silinda ta cika. Wutar kuma ba ta da haƙuri: in ta sami hanya mafi sauƙi, kamar tsagewa a jikin waya ko a murfin distiributa, nan za ta bi. Da dare, in aka buɗe bonet a cikin duhu, akan ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga tsohuwar waya zuwa ƙarfe. Da damina abin yakan ƙaru saboda laima.

In ciwon na kowa da kowa ne

Da a ce tarin motar ba shi da tsari, da ɗaya reshen aka bi. Inji yana son iska kilo 14.7 ga kowane kilo ɗaya na fetur. In aka juya lissafin, lita ɗaya ta fetur tana bukatar iska kimanin lita 9,000, wato cikin duro 45. Duk wannan iska ta matatar iska take bi, kuma a ƙasar da hunturu ke kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ba a daɗe ba matata ta toshe. In ta toshe, iska ta ragu, fetur ya yi rinjaye, sai baƙin hayaƙi da shan mai. Masu cire matatar gaba ɗaya don mota ta "numfasa" sun yi maganin tari da guba, domin ƙurar da ta shiga ta haɗu da baƙin mai tana cin zobba da bangon silinda kamar ana goga yashi.

Kishiyar haka ita ce iska ta yi yawa, galibi saboda tana satar hanya ta tsagaggen tiyo ko ta gaskit ɗin gindin kafireto. Alamarta ita ce kakkarwa a silo wadda ke raguwa in mota ta ɗau gudu, domin iskar da ke sata kaɗan ce in aka kwatanta da wadda ke shiga lokacin gudu. Gwajinta ba ya cin ko kwabo: a ɗan ja cok. In inji ya daidaita, to dama yunwar fetur yake yi. In ya ƙara shaƙewa, ba nan ba ne.

Sai kuma shi man kansa. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a gindin tanki da gindin kafireto. In aka tsiyayi mai kaɗan a farar kwalba aka ajiye, za a ga ruwan ya ware a ƙasa. Fetur ɗin da aka gauraya da kananzir, abin da ya yawaita a hannun 'yan bumburutu lokacin wahalar mai ta shekarun 1990, ba ya saurin zama tururi, kuma yana sa inji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. A watan Fabrairun 2022 ma hukumomin Nijeriya sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, aka janye shi daga kasuwa. Tambayar "a ina ka sha mai?" tana da dalili.

Da bazara kuma wani ciwo ne daban. Wasu sassan fetur suna fara tafasa tun zafi bai kai digiri 40 ba, famfon man waɗannan motoci kuwa a jikin inji yake manne. In aka tsaya a cunkoso a watan Afrilu, man da ke cikin famfo yakan koma tururi, famfon da aka yi don ruwa-ruwa ya kasa tura shi, mota ta yi ta fizga har ta mutu. Direbobi sukan jiƙa tsumma su ɗora a kan famfon, kuma suna da gaskiya: ruwan da ke bushewa yana tafiya da zafi, yadda gumi ke sanyaya fata, randa ke sanyaya ruwa. Sai dai kwayil da kwandansa da suka tsufa su ma sukan gaza in sun yi zafi su dawo in sun huce. Ana raba gardama ne a daidai lokacin da mota ta mutu, a duba nan take ko wuta ce babu ko mai.

Duk waɗannan gwaje-gwaje a sarari ake yin su. Injin da fetur ya yi masa yawa yana fitar da kabon monoksaid mai yawa, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda haimoglobin na jini ke kamawa fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Ciwon kai da jiri a rufaffen gareji gargaɗi ne na a fita. Haka nan zuƙar fetur da baki ta tiyo: ɗan abin da ya kuskure ya shiga huhu yana iya kumbura shi.

Motocin zamani suna da kwamfuta da ke lura da juyin inji, tana kuma faɗin silindar da ta yi shiru da lamba, kamar P0303 ga silinda ta 3. A irinsu ba a zare waya inji na aiki, don ana iya lalata na'urorin lantarki. Amma lambar gidan ciwon kawai take nunawa, sauran binciken yana nan yadda yake.

Komawa ga silinda ta 3

An musanya fulogi, an musanya waya, shirun bai motsa ba. Wuta ta kuɓuta, kafireto dama ba a zarge shi ba. Saura matsi.

"Oga, ke nan sai an sauke inji?" in ji direba, yana duban kwandunan da ke baya.

"Tukuna, Malam. Kai, yaro, miƙo min gejin nan."

Ana kwance fulogi huɗun, a ɗaura ma'aunin matsi a kowane rami, a taka totur har ƙasa, a buga kii. Abin da aka fi dubawa shi ne daidaito tsakanin huɗun, domin tsohon inji zai iya raguwa gaba ɗaya amma ya ci gaba da tafiya sumul. In biyu masu maƙwabtaka suka faɗi tare, zargi yana kan gaskit ɗin tof silinda, musamman in lagireto yana shan ruwa, salansa kuma tana farin hayaƙin da ba ya yankewa. In ɗaya ce ta faɗi, sai a zuba baƙin mai kamar cokali guda a raminta a sake aunawa. Man zai toshe giɓin da ke gefen zobba na ɗan lokaci. In matsi ya tashi, zobba ne suka cinye, kuma a nan kam sai an buɗe inji. In bai tashi ba, ta sama iskar ke gudu, wato ta bawul, inda man bai kai ba.

A motar tumatir matsi bai tashi ba. Ko a nan ma akwai sauran tambaya ɗaya kafin a ɗaga tof silinda. Tsakanin kan bawul da hannun da ke danna shi akwai ɗan giɓi da aka bari saboda ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi. A waɗannan injuna giɓin milimita 0.10 ne ga bawul ɗin shiga, 0.25 ga na fita, inji yana sanyi. In bawul ya lotsa cikin mazauninsa saboda tsufa, ko wani ya ɗaure shi fiye da kima, giɓin yakan ɓace, bawul ya kasa rufewa ruf. Matsi ya zurare ta nan. Bugu da ƙari, bawul ɗin fita yana sauke mafi yawan zafinsa ne a lokacin da ya zauna a mazauninsa, don haka wanda ba ya zama ba ya hucewa, kuma in aka ci gaba da tafiya a haka bakinsa zai ƙone. Gyaran da yau na sifana da sukundireba ne, mako mai zuwa sai ya zama na ɗaga tof silinda.

Makanike ya buɗe murfin sama, ya juya inji da hannu har bawul ɗin fita na ta 3 ya kamata a ce ya saki, ya girgiza hannun da ke kansa, ya ji shi ɗaure tamau. Direba ya tuna cewa an ɗaure masa tafet a wani gari mako biyu da suka wuce, inji da zafinsa, don ya gaji da jin ƙarar caf-caf. Ko bawul ɗin ya riga ya ƙone, ba za a sani ba sai an saita giɓin an sake auna matsi, kuma ba a saitawa daidai sai inji ya huce sarai, abin da ke ɗaukar sa'o'i. Saboda haka aka tare wata mota aka juye mata kwandunan, mai kaya ya biya kuɗin dako karo na biyu, a-kori-kura kuma ta kwana a gareji da bonet a buɗe.